Kurakuran da ke kayar da ɗalibi lokacin jarrabawa

Da zarar an liƙa jadawalin jarrabawa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo sai ya cika maƙil. Kowa ya duƙufa, amma da yawa wahalar banza suke sha, kuma abin yana damuna.

Babban kuskuren shi ne karatu da ido kawai. Za ka ga ɗalibi ya bi takardar lakca sau huɗu, ya ja layi ƙarƙashin kusan kowace jimla, ya tashi yana ganin ya iya. Ido ne ya saba da shafin, kan bai riƙe ba. Sai an raba takardar tambayoyi ya ji komai ya gudu. Gyaran ba wuya: karanta shafi biyu, kife takardar, ɗauki biro ka rubuta abin da ka tuna. Inda ka kakare, nan ne aikinka yake. Almajirin allo ya san wannan, shi ya sa ba ya wankewa sai ya ba da hadda. Ka kuma nemi tambayoyin shekarun baya, ka aje agogo gabanka, ka amsa su cikin awa biyu kamar kana zauren jarrabawa.

Sai kwanan zaune. Goro a baki, Nescafé a kofi, har kiran assalatu. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, wanda ya hana ta barci kuwa ya zuba ruwa a kwando. Na taɓa ganin wata ɗaliba ta kifa kai kan takardar amsa, barci ya sace ta, sai da mai sa ido ya ƙwanƙwasa mata tebur. Ka samu ko awa shida ne. Masu haɗawa da tiramadol don kore barci kuwa, wallahi lafiyarsu suke kashewa.

A Sakkwato akwai kuma rana. Watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, don haka kwas mai nauyi a ba shi bayan asuba, tsakar rana a bar wa bita. Gorar ruwa kada ta bar jakarka, kuma kada ka shiga jarrabawa da yunwa, ko koko da ƙosai ne ka sa a cikinka.

Wasu tun farkon zango suka faɗi jarrabawar: sun raina gwajin tsakiyar zango da aikin gida, alhali maki 30 ko 40 cikin 100 a nan suke. Wanda ya tara 25 tun can, da natsuwarsa yake shiga.

Ranar jarrabawa, in a cikin gari kake, fito da wuri, hanyar Dundaye, inda jami'ar take, ba kusa ba ce, ka kuma duba katinka tun dare. Kada ka tsaya bakin ƙofa inda ake ta "ka karanta kaza?", tsoro kawai za a ƙara maka. In gabanka ya faɗi, aje biro, ja numfashi a hankali sau biyar, yi addu'arka, ka fara da tambayar da ka fi sani. Kada firgici ya kai ka ga satar amsa, hukuncinta kan kai ga kora.

In kuwa damuwar ta kai ba ka iya ci, ba ka iya barci kwana da kwanaki, kada ka ɓoye. Faɗa wa aboki ko malamin da ke kula da ajinku, ka je asibitin makaranta a duba ka.