Kalmar "swallow" a Ingila: daga kwanon tuwo zuwa kwalin magani

Wanda ya taso a Najeriya ya san "swallow" a matsayin sunan abinci, wato tuwo da sakwara da teba da amala, duk abin da ake yanko loma a dangwali miya a haɗiye. Wannan ma'ana tamu ce, kuma a Ingila ba za ta yi maka aiki ba sai a gidajen abincin 'yan Afirka ta Yamma, irin waɗanda ke unguwar Peckham a kudancin Landan. Idan ka tambayi ma'aikacin babban kanti inda ake ajiye "swallow", zai tsaya yana kallonka, domin a wurinsa kalmar tana nufin haɗiya, ko kuma tsattsewa, tsuntsuwar da ke isowa Birtaniya a watan Afrilu, ta kama hanyar komawa Afirka wajen Satumba, ta ratsa Sahara. Garin shinkafa ko na semolina za ka nema, kowanne da sunansa.

Inda kalmar ke da nauyi shi ne wajen magani. Mu Hausawa "sha" muke ce wa ƙwaya da na ruwa duka, shi ya sa ba mu cika lura da bambancin da likitocin can suke yi ba. Mai ba da magani yakan liƙa 'yar takarda a jikin kwali mai cewa "Swallow this medicine whole. Do not chew or crush", ma'ana a haɗiye ƙwayar yadda take, kada a tauna, kada a daka. Dalili shi ne an yi wasu ƙwayoyin ne domin su riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan cikin sa'o'i masu yawa, wasu kuma an lulluɓe su don kada su narke sai sun wuce ciki. Al'adarmu ta murƙushe ƙwaya a cokali a dama wa tsoho ko yaro tana iya sa maganin yini guda ya shiga jini a lokaci ɗaya. Wanda haɗiya ke yi wa wuya ya gaya wa mai ba da magani, sau da yawa akwai na ruwa.

Haka nan idan likita ya ambaci "difficulty swallowing", yana tambaya ne ko abinci na tsaya maka a maƙogwaro, kuma kada ka raina tambayar. "Choke" ƙwarewa ce da abinci ko ruwa, "sip" kurɓa, "gargle" kuma kurkure maƙogwaro a zubar.

A jikin robar sinadarin wanke-wanke za ka ga "Harmful if swallowed", wato yana da illa idan aka haɗiye. Idan yaro ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai. A kira 999, lambar gaggawa ta Birtaniya, ko a garzaya sashen gaggawa na asibiti da robar a hannu. Haka ma idan ya haɗiyi ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga, wanda ke iya ƙona maƙoshi cikin sa'o'i 2.

A wurin aiki kuma za ka ji "swallow your pride", wato ka sauke girman kai, da "hard to swallow" ga zancen da ya yi wuyar yarda. Waɗannan ba su yi nisa da namu ba, tunda mu ma muna haɗiye fushi.