Yadda za ka bi makarantarku wasan waje a jami'ar da ƙwallon kwando ta fi ƙarfi

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman ƙannena na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Allah Ya ba karatu a Amurka, da waɗanda ke haɗa kaya yanzu a nan Kumasi. In makarantarku na da ƙungiyar ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano ana ture-ture, toh wata rana abokan ɗaki za su ce taso mu bi yaranmu wasan waje. Shawarata ita ce tafiyarka ta farko ka zaɓi wasan da za a buga a jami'ar da aka sani da ƙwallon kwando, irin su Kansas, Duke, North Carolina ko Kentucky. A irin waɗannan garuruwa zuciyar mutane na wajen kwando, saboda haka sau da yawa tikitin ƙwallon Amurka ya fi sauƙin samu, cunkoso bai kai na manyan filaye masu cin mutum 100,000 ba, kuma baƙo ba ya shan tsangwama sosai, ga shi za ka samu ganin wuraren tarihin kwando da ba ka biyan komai.

Fara da duba jadawalin makarantarku tun watan Agusta, don wanda za ku je wa ya danganta da rukunin da kuke ciki, Kansas na Big 12, Duke da North Carolina na ACC, Kentucky na SEC, Indiana kuma Big Ten. Ana fara wasanni ƙarshen Agusta a gama na yau da kullum ƙarshen Nuwamba, yawanci ranar Asabar. Abin da ke rikita sabon zuwa shi ne ana sanin ranar wasa tun da wuri amma ba a sanin ƙarfe nawa, gidajen talabijin ne ke yanke lokaci, sau da yawa sai saura kwana 12 wani lokaci ma kwana 6 kafin a faɗa, kenan zai iya zama 11 na safe zai iya zama 7 na dare. Saboda haka kar ka sayi tikitin mota ko jirgi na dawowa ranar Asabar da yamma, bar shi zuwa Lahadi, otel kuma ka kama wanda za ka iya sokewa a mayar maka da kuɗinka.

Maganar tikiti, wanda kake shiga da shi wasannin gida a matsayin ɗalibi ba ya aiki a waje. Je ofishin tikiti na makarantarku tukuna, domin ana ware wa baƙi wani ɓangare a fili kuma nan ne 'yan badujalarku da iyayen 'yan wasa ke zama, nan ya kamata ka zauna. In sun ƙare sai ka duba shafukan sayar da tikiti na intanet irin su SeatGeek ko StubHub ko Ticketmaster, in masu gida ba sa ƙoƙari a shekarar farashi kan sauko idan ranar ta matso. Amma kar ka ɗauka kullum haka ne, Kentucky in babbar ƙungiyar SEC ta zo filinsu mai cin mutum kusan 61,000 cika yake yi, Indiana kuwa da aka daɗe ana ce mata makarantar kwando tun da koci Curt Cignetti ya fara jan ƙungiyar ƙwallon Amurkanta a kakar 2024 labari ya canja gaba ɗaya. Abu ɗaya da zan roƙe ka, ko tikitin ya kai arha yaya kar ka sayi kujera a ɓangaren ɗaliban masu gida alhali kana sanye da jesin makarantarku, ɗalibai ne a tsaye awa uku suna ihu, ba za ka ji daɗi ba su ma ba za su ji ba. Tikitin a waya yake zuwa, sauke shi cikin walat ɗin wayarka tun a ɗaki saboda netwok na mutuwa a bakin fili, sikirinshot kuma wurare da yawa ba sa karɓa.

Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi karo-karon mai, shi ya fi arha. In hayar mota za ku yi ku sani wanda bai kai shekara 25 ba ana ƙara masa kuɗi kowace rana, sai ku bar babban cikinku ya ɗauka. Lawrence inda jami'ar Kansas take kamar kilomita 65 ne daga Kansas City, in otel ya yi tsada a garin ku kwana can ku shigo da safe. In wasan a Nuwamba ne ku duba ko akwai wasan kwando a wannan ƙarshen makon, don farkon Nuwamba ake buɗe kakar kwando kuma shi ke cinye otel da wurin fakin.

Yanzu ga abin da ya sa na ce irin wannan tafiya daban take, kuma nan nake so ku ba lokaci. Ku isa garin tun Juma'a in da hali, ku je ɗakin kwandonsu. A Kansas sunansa Allen Fieldhouse, an buɗe shi 1955, kuma manne da shi akwai wani gini DeBruce Center inda aka ajiye ainihin takardu biyu da James Naismith ya rubuta dokoki 13 na ƙwallon kwando a 1891, an saye su a gwanjo a 2010 kan dala miliyan 4.3. Shi Naismith ɗin a Springfield ta jihar Massachusetts ya ƙirƙiro wasan, ya koma Kansas a 1898 ya zama kocinsu na farko, kuma a Lawrence aka binne shi. Kaga duk yaron da ke jefa ƙwallo a kwando a filin makaranta a Kumasi daga waɗannan shafuka biyu abin ya taso, wallahi ya cancanci ka tsaya ka karanta su da idonka. A Duke kuma Cameron Indoor Stadium ne, mutum 9,314 kawai yake ci, ƙarami sosai idan ka duba sunan da ya yi a duniya, kuma a gefensa ne ɗalibai ke kafa tantuna su kwana makonni cikin sanyi don samun shiga wasansu da North Carolina, suna kiran wurin Krzyzewskiville da sunan kocinsu Mike Krzyzewski da ya ci kofin ƙasa sau 5 ya ajiye aiki a 2022. Filin ƙwallon Amurkansu Wallace Wade na nan kusa, taku kaɗan, shi ma da tarihinsa don a nan aka buga Rose Bowl, babban wasan ƙarshen kaka na jami'o'i, na 1942 lokacin yaƙin duniya. Ku duba lokacin buɗewa a intanet kafin ku je saboda ranar wasa tsari kan canja. In kun ga waɗannan wurare hira da 'yan gari za ta yi sauƙi, a Kansas ka tambayi dattijon da ke kusa da kai labarin kofin kwando da suka ci a 2008 ko a 2022 ka ga yadda zai sake da kai. Kuma don Allah kar ka je garin mutane kana ce musu ai ku kwando kawai kuka iya, waɗanda suka fito kallon ranar su ne masu son ƙungiyar tsakani da Allah, sun jure shekarun shan kashi ba su gudu ba, Kansas ɗin nan sun taɓa gama kakar 2007 da nasara 12 rashin nasara 1.

Ranar wasa tun awa uku ko huɗu kafin a fara za ka ga mutane sun buɗe bayan motoci a wurin fakin, sun kafa rumfa suna gashi, telget suke ce masa. Za su kira ka ka ci ko da jesin abokan hamayya ne a jikinka, da zuciya ɗaya suke yi, sai dai naman alade da giya sun yi yawa a wurin, tsiran sosej da haƙarƙari galibi alade ne. Ka yi godiya ka ce ba ka cin alade ba ka shan giya, ba wanda zai ji haushi, sai ma su miƙo maka lemo. Mafi kyau ku dafa naku tun daren Alhamis, wake da shinkafa da shito da dafaffen ƙwai ko jollof a kula, ku ci a bayan motarku ku ɗan ɗiba wa maƙwabta, ku ƙoshi kafin ku shiga domin ba a shiga fili da abincin waje kuma na ciki tsada.

Sallah ma a tsara ta tun kafin a fita. Wasan kwata huɗu ne kowace minti 15, amma da tsaye-tsaye da tallan talabijin ya kan wuce awa uku, kuma filaye da yawa in ka fita ba ka dawowa. Wasan 11 na safe zai ci Azahar, na yamma zai ci Magariba. Yi alwala kafin ka shiga, hutun rabin lokaci minti 20 ne, ka nemi ma'aikacin fili ya nuna maka gefe mara hayaniya, alƙibla a can arewa maso gabas take, manhajar waya za ta nuna maka. Maganar ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka kafin tafiya tunda nisan na bambanta. A Lawrence akwai masallaci a titin Naismith Drive ba nisa da Allen Fieldhouse, in kun iso Juma'a da wuri kun samu jam'i.

Jaka kuma sai mai haske da ake ganin ciki, kamar inci 12 da 6 da 12, jakar goyo mayar da kai za su yi. Tafi da katin banki don wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi, da katin shaida, da fawa bank. Sanyi kar ka raina shi, in waya ta nuna 40 a ma'auninsu kamar 4 ne a namu, kuma benci na ƙarfe ne, sa riga kan riga, safa biyu, hular sanyi da safar hannu, jesin a sama.

In ba ka gane wasan ba tukuna riƙe wannan ya ishe ka: masu ƙwallo na da dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu, kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6, bugawa tsakanin sanduna maki 3. Ihu ma da lokacinsa, ba kamar filin Baba Yara ranar Kotoko da Hearts ba da ake kiɗa daga farko har ƙarshe, a can in yaranku ke riƙe da ƙwallo shiru ake yi don su ji umarni, in masu gida ke riƙe da ita sai ku buɗe murya musamman a dama ta uku. Ka miƙe lokacin taken ƙasa. A Kansas in sun ci za ka ga duk fili an ɗaga hannaye ana karkaɗawa kamar alkama a gona, sannan akwai waƙarsu ta Rock Chalk da suke ja a hankali, ka saurara. Kuma kar ka ga wasan kamar ba namu ba ne, Ezekiel Ansah ɗan Akra ne, kwando ya je nema a jami'ar BYU ba su ɗauke shi ba, ya koma ƙwallon Amurka, a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2013 ƙungiyar ƙwararru ta Detroit Lions ta ɗauke shi na 5 a duk ƙasar.

An tashi kar ka yi saurin fita, 'yan wasa kan zo gaban ɓangaren baƙi su gaisa a rera taken makaranta tare. In masu gida suka yi babbar nasara ɗalibai suka ruga cikin fili kai tsaya a kujerarka, kai da ke kan bizar karatu ba ka da buƙatar wata magana da 'yan sanda. Masu son kiran gida su tuna Gana na gaban Kansas da awa 5, bayan Lahadin farko ta Nuwamba ya koma 6, wasan dare na ƙarewa Hajiya ta daɗe da barci, bari sai safiya. In kuma dole ku kama hanya a daren, ku riƙa canja direba, wanda ke gaba kar ya yi barci, ku rage gudu a hanyoyin daji saboda barewa na yawan tsallaka titi a Oktoba da Nuwamba.