Yadda Ake Amfani da Katin Tarot Ba Tare da Neman Sanin Gaibu Ba

Na fara ganin katin tarot ne, wato wata irin karta mai hotuna da ake yin duba da ita, lokacin da nake karatu a Turai, a hannun wata abokiyar karatuna 'yar Italiya wadda ba ta bin kowane addini, ba ta kuma yarda da boka ko ɗan duba ba. Amma kusan kullum da dare sai ta zaro kati ɗaya ta ajiye a kan tebur, ta ƙura masa ido, ta yi ta rubutu a wani ɗan littafi. Na ɗauka duba take yi irin na masu bugun ƙasa a wajenmu. Da na tambaye ta, sai ta ce katin takarda ce da tawada, bai san komai ba. Ita ce ke magana da kanta, hoton yana buɗe mata baki ne kawai.

Tun daga lokacin na ga mutane da yawa sun gwada wannan hanya, kuma kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe. Mutum zai fara da cewa shi bai yarda da camfi ba, bayan mako biyu sai ka ji yana cewa, "Wallahi katin nan ya faɗa mini." Ni ma na auka cikin wannan rami, shi ya sa nake rubuta wannan. Wanda addininsa ya hana shi kusantar duk abin da ya yi kama da duba, ya tsaya a kan matsayarsa, ba fatawa nake bayarwa ba. Bayanina a kan yadda waɗanda ba su jingina wa katin wani ƙarfi na ɓoye ba suke amfani da shi ne.

Da farko, ka san daga ina ya fito

Wannan shi ne ke cire maka kwarjinin abin. Karta ta shiga Turai ne wajen shekarun 1370 daga ƙasashen Musulmi, kuma akwai tsohuwar kartar Mamluk ta Masar da ke ajiye a fadar Topkapi a Istanbul, mai alamomin kofuna da takubba da tsabar kuɗi da sandunan wasan doki. A wajen shekarun 1440 masu mulkin arewacin Italiya, a biranen Milan da Ferrara, suka ƙara wa kartar wasu katuna masu hotuna, suka mai da ita wasan da daga baya aka kira tarocchi. Wasa ne zalla, na cin abokin hamayya, kuma har yau ana buga shi a Faransa. Sai bayan shekara fiye da ɗari uku, a 1781, wani Bafaranshe mai suna Antoine Court de Gébelin ya rubuta cewa hotunan sirrin Masar ta dā ne. Bai kawo hujja ba, kuma a lokacin ba wanda ya iya karanta rubutun Fir'aunoni ma. Daga wannan magana tasa duba da tarot ya samo kasuwa.

Na biyu, ka sayi fakiti mai araha

Ka nemi wanda ake kira Rider-Waite-Smith, wanda aka fara bugawa a Landan a 1909, zanen Pamela Colman Smith. Katuna 78 ne: manya 22, ƙanana 56 da suka kasu gida huɗu, kofuna, takubba, sanduna da tsabar kuɗi. Dalilina shi ne kusan kowane kati a cikinsa, har ƙananan, yana da hoton mutane suna yin wani abu. A tsohon samfurin Marseille, takubba takwas takubba takwas ne kawai a jere, ba abin da zai ja tunaninka. Kada ka ɓata kuɗinka a kan masu gefen zinariya da akwatin katako. Zanen 1909 ana samunsa kyauta a intanet, ka iya bugawa a takarda mai kauri ka yanka da almakashi, aikinsu ɗaya.

Za ka ji ana cewa dole a ba ka fakitin farko kyauta, ko ka naɗe shi a alharini, ko ka yi masa turare, ko kada kowa ya taɓa maka. Duk ka yi watsi da su. Da zarar ka fara girmama takardar, ka kama hanyar komawa inda ka ce ba za ka je ba. Littafin rubutu da biro sun fi duk waɗannan amfani.

Na uku, ka gyara tambayarka kafin ka taɓa katin

Duk tambayar da amsarta ke gobe, ko ke cikin zuciyar wani, ka soke ta. "Zan samu aikin?" "Tana sona?" "Wa ke bina da sharri?" Ba ka da hanyar sanin waɗannan daga takarda, kuma duk amsar da ka ciro ƙirƙirarta ka yi. Ka tambayi abin da amsarsa ke wurinka amma kake kauce masa: me nake tsoro game da wannan aikin, me na ƙi gaya wa iyayena, me ya sa maganar nan ta ƙona mini rai haka. Ka rubuta tambayar a littafi, da kwanan wata, tun kafin ka gauraya katin.

Na huɗu, ka zari ɗaya, sau ɗaya

Nan ne na sha wuya, don haka zan daɗe a kai.

Ka gauraya, ka zari kati ɗaya, ka ajiye shi a buɗe. Kada ka buɗe ɗan littafin fassarar da ke zuwa cikin fakitin tukuna. Ka fara rubuta abin da idonka ya gani tsurarsa, kamar mai ba makaho labarin hoto. Sannan ka rubuta abin da ya fara faɗo maka a rai.

Wata rana cikin sanyi na rubuta tambaya a kan dalilin da ya sa nake jin nauyi duk lokacin da wayata ta yi ƙara daga gida. Na zaro sanduna goma. Hoton mutum ne ya rungumi sanduna goma a ƙirjinsa, ya sunkuya, kansa a binne cikinsu har ba ya ganin gabansa, ga gari can nesa yana nufa. Jikina ya yi sanyi. A lokacin ina aika kuɗin makarantar ƙannena, da na maganin gwaggona, daga ɗan abin da nake samu a aikin dare. Na ce a raina, ta yaya ya sani?

Bai sani ba. Da na zaro mutumin da ya ƙanƙame tsabar kuɗi a ƙirjinsa, da na ce rowata ce ake nuna mini. Da na zaro matar da aka ɗaure wa ido tsakanin takubba takwas, da na ce ni ne a ɗaure. Damuwar tana cikina tun kafin in taɓa fakitin, kuma kusan kowane hoto zai iya zama mata ƙofa. A 1948 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa bayanin halinsu, ya ce kowa nasa daban ne. Suka ba shi maki kusan 4.3 cikin 5 wajen dacewa. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, ya tsinto jimlolin ne daga littafin masu duba taurari. Haka ƙwaƙwalwarmu take, ta ɗauki magana mai faɗi ta ɗinka ta daidai jikinmu. Mai amfani da tarot ba don duba ba yana sane da wannan, kuma da shi yake aiki: abin da ka karanto a hoton shi ne shaidar abin da ke cin ka.

Amma ni a lokacin ban tsaya a nan ba. Na shiga zara sau biyu, sau uku, in katin farko bai yi mini daɗi ba sai in ce ban gauraya da kyau ba. Na riƙa tuna ranakun da ya dace, ina mance waɗanda bai dace ba. Har wata safiya na zaro katin Hasumiya, wadda aradu ta faɗa wa, mutane biyu suna faɗowa daga samanta, na kusa fasa tafiyar da na riga na sayi tikitinta. Da na ba abokiyar nan tawa labari, sai ta ce in kawo littafina. Muka bi shi shafi-shafi muna ƙirgawa. Ranakun da na rubuta "bai shafe ni ba" sun fi waɗanda na rubuta "daidai" yawa, ni kuwa ko ɗaya ban tuna da su ba. Kunya ta kama ni sosai a ranar.

Don haka dokata biyu ce, kuma ba na sassautawa. Kati ɗaya ga tambaya ɗaya, duk abin da ya fito shi ke nan. Sannan ka rubuta har ranar da hoton bai ce maka komai ba, musamman ma ita. In katin Mutuwa ya fito gabanka ya faɗi, ka rubuta cewa gabanka ya faɗi, ka tambayi kanka me kake tsoron ya ƙare. Damar fitowarsa ɗaya ce cikin 78, daidai da kowane kati.

Bayan ka gama rubuta naka, sai ka duba fassarar littafi in kana so. In ta saɓa da taka, riƙe taka.

Sauran abubuwa

Katin da ya fito a juye, ka miƙar da shi kawai, fassarar juyayye ƙarin hadda ce marar amfani. Shimfiɗar katuna goma da ake kira Celtic Cross ka bar ta, da hotuna goma kowane labari kake so za ka iya haɗawa. In kati ɗaya ya yi maka kaɗan bayan wata biyu ko uku, ka koma uku: abin da nake gani, abin da nake kauce wa, abin da zan iya yi a wannan makon.

Idan aboki ya ce ka zara masa, ka miƙa masa katin ka ce, "Me ka gani?" sannan ka yi shiru. Kada ka fassara masa, kada ka karɓi ko sisi. Maganar ciwo ta likita ce, ta shari'a ta lauya, ta aure kuma ta mutumin da abin ya shafa da manyanku. Ranar da ka lura ba ka iya yanke ƙaramar shawara sai ka taɓa fakitin, ka saka shi a ƙasan akwati wata guda, ka ci gaba da rubuta tambayoyin a littafin ba tare da shi ba.