Yadda Ake Karrama Marigayin da Ya Tsaya wa Marasa Matsuguni

Idan mai fafutukar kare marasa matsuguni ya rasu, abin da ke fara faɗo wa abokan aikinsa a rai shi ne taro da jawabai. Taron zai zo, amma akwai aikin da ya riga shi. Irin waɗannan mutane sukan riƙe rabin aikinsu a ka, sauran rabin kuma a wayar hannu: wane ne za a raka asibiti ranar Talata, wace ce ke jiran takardar shaida, wa aka yi wa alƙawarin ɗaki a ƙarshen wata. Cikin makon farko a wakilta mutum biyu su zauna da iyalinsa, su nemi izinin duba littafin aikinsa da saƙonnin da suka shafi aiki, su fitar da sunayen duk wanda lamarinsa ke rataye. Kowane suna a rubuta a gabansa wanda zai karɓe shi da ranar da zai tuntuɓe shi. Idan aka bar wannan sai bayan taro, wa'adin wasu takardun ya wuce, wasu mutanen kuma sun canza wurin kwana, ba za a sake samunsu ba.

Sanarwar rasuwar ma ba ta isa ga waɗanda ya fi kusa da su ta intanet. Da yawansu ba su da waya, masu ita kuma caji kan gagare su. Sai an taka da ƙafa, an bi wuraren da yake bi a lokutan da ya saba zuwa, an faɗa musu baki da baki. A bar ƙaramar takarda mai ɗauke da rana, lokaci da wurin taron da manyan baƙaƙe a gidajen kwana na wucin gadi da wuraren rabon abinci.

Zaɓen wuri da lokaci shi ne inda aka fi yin kuskure. Zaure mai ƙayatarwa da ke nesa, mai masu gadi a ƙofa suna tambayar katin shaida, zai cika da jami'ai da masu ba da tallafi, waɗanda aka yi fafutukar dominsu kuwa su tsaya a waje. A nemi wurin da za a iya isa da ƙafa cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin daga inda mafi yawansu ke kwana. A tambayi gidajen kwana ƙarfe nawa suke rufe karɓar mutane, a tashi taron aƙalla awa ɗaya kafin lokacin, domin ba wanda zai yarda ya rasa gadonsa na daren saboda jawabi. A ware kusurwar ajiye jakunkuna da mutum ɗaya mai tsaro da lambobin karɓa, tunda wanda duk abin da ya mallaka ke cikin jaka ɗaya ba zai bar ta a bakin ƙofa ba. Banɗaki a buɗe, ruwan sha da abinci mai zafi, kuma kada a keɓe kujerun gaba ga manyan baƙi.

Taron kada ya wuce awa ɗaya. Masu magana shida sun isa, kowa minti uku zuwa huɗu, kuma aƙalla rabinsu su kasance cikin waɗanda suka taɓa kwana a titi. A fara da su, domin idan aka ajiye su a ƙarshe, manya za su cinye lokacin. Wanda bai saba tsayawa gaban jama'a ba, a zauna da shi kwana ɗaya kafin taron ya faɗi abin da yake so, a rubuta masa, ko wani ya karanta a madadinsa yana tsaye kusa da shi. Addu'a kuwa a bar wa iyalin mamacin su tsara ta bisa addininsa.

A faɗi gaskiyar halinsa. Masu wannan aiki galibi ba masu sanyin baki ba ne, sun ɓata wa hukumomi rai, wani lokaci har abokan aikinsu. Mitch Snyder, wani mai fafutukar kare marasa matsuguni a Amurka, sai da ya yi yajin cin abinci na kwana 51 a 1984 kafin gwamnatin Shugaba Reagan ta amince ta gyara ginin da marasa matsuguni ke kwana a Washington. Jawabin da ya mai da irin wannan mutum salihi marar hayaniya bai yi masa adalci ba, kuma waɗanda suka san shi za su gane.

Wasu kan haɗa taron da karanta sunayen marasa matsugunin da suka rasu a shekarar. A Amurka ana yin haka tun 1990 a ranar 21 ga Disamba, daren da ya fi kowane tsawo a arewacin duniya. Suna ɗaya da ɗan shiru bayansa kan ci daƙiƙa biyar, wato suna sittin minti biyar ke nan. A tabbatar da kowane suna daga majiya biyu, don karanta sunan mai rai cikin matattu abu ne mai saurin faruwa idan an dogara da jita-jita. Hoto kuma kada a ɗauki fuskar kowa sai da yardarsa, akwai waɗanda suka gudo daga masu cutar da su.

Idan za a buɗe asusu da sunansa, a rubuta manufarsa a jimla ɗaya, misali biyan kuɗin sabunta takardun shaida ko kuɗin shiga haya na farko. A sa masu sa hannu biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, a ajiye kuɗin ƙarƙashin ƙungiya mai rajista, a sanar da ranar da za a fitar da lissafi. Gudummawar kaya kuwa, a tambayi masu rabo abin da suke buƙata tukuna, in ba haka ba za a tara tsofaffin tufafin da ba wurin ajiye su, alhali safa da barguna ake nema.

Sanya sunansa a gini ko ƙungiya ba abin gaggawa ba ne. Gidauniyar Abbé Pierre ta Faransa, wadda a da ke ɗauke da sunan limamin cocin da ya rasu a 2007, sai da ta cire sunan bayan zarge-zargen cin zarafin mata da suka fito a kansa a 2024. A jira shekara guda. Kafin nan a ɗauki buƙata ɗaya da ya mutu yana nema wurin hukuma, a sa mutum ɗaya ya riƙe fayil ɗinta, a tsayar da ranar sake zama a kanta, ko da 10 ga Oktoba ce, Ranar Marasa Matsuguni ta Duniya.