Yadda ake rarraba karayar idon sawu a jikin yara

A ƙarshen ƙashin ƙwaurin yaro, dab da idon sawu, akwai wani siririn guringuntsi inda ƙashin ke ƙara tsawo. Wurin bai kai jijiyoyin da ke kewaye da shi ƙwari ba, shi ya sa gurɗewar da za ta bar babba da targaɗe takan karya yaro a nan. Duk rarrabewar da za ka yi, wannan guringuntsin za ka bi.

Da farko ka tambayi shekarun yaron da yadda ƙafar ta murɗe, sannan ka bi ƙashin da yatsa a hankali. Idan ya zabura da ka danna kan ƙashi, ko ya kasa yin taku 4, a ɗauki hoto ta fuska uku: gaba, gefe, da na karkace mai buɗe cikin gaɓar.

Sai ka bi layin karayar bisa tsarin da likitoci Salter da Harris suka fitar a 1963. Nau'i na 1, layin ya tsaya cikin guringuntsin kaɗai, har hoton kan fito kamar ba komai. Na 2, wanda aka fi gani, ya bi guringuntsin ya haura sama ya ɓallo ɗan ƙashi mai kusurwa uku. Na 3 ya gangara cikin gaɓar. Na 4 ya tsaga daga sama, ya ratsa guringuntsin, ya faɗa gaɓar. Na 5 kuwa murƙushewa ce, galibi sai girman ƙashin ya tsaya ake gane ta.

A kan na 3 da na 4 nake so ka daɗe kana kallo, domin su ne suka fi barin yaro da karkatacciyar ƙafa ko ciwon gaɓa tun yana matashi. Auna gocewar, wato tazarar da ke tsakanin ɓangarorin ƙashin da ya karye. In ta wuce milimita 2 a cikin gaɓar, siminti kaɗai ba ya wadatarwa, sai likitan ƙashi ya duba batun tiyata.

Daga nan ka koma kan shekaru. Wajen shekara 12 zuwa 15 guringuntsin kan rufe a cikin kimanin wata 18, daga tsakiya, sai ɓangaren ciki, na waje ya zo ƙarshe. A wannan tsakanin ne jijiya kan fizge ɓangaren wajen da bai rufe ba, wato karayar Tillaux. Akwai kuma karaya mai fuska uku, wadda ke kama da na 3 a hoton gaba, ta yi kama da na 2 a hoton gefe. Irin waɗannan a ƙara da hoton CT, wanda ke nuna cikin ƙashi yanki-yanki.

Rubuta nau'in da gocewar a katin yaron, ka kuma shaida wa iyayensa su riƙa dawo da shi ɗaukar hoto na aƙalla shekara guda, ko da ya warke yana guje-gujensa.