Kurakuran da Ake Yi Wajen Rage Gishiri da Maiƙo a Cukun Girki

Cuku ya samu wurin zama a kicin ɗinmu: a fiza, a shawarma, a kan makaroni, ga kuma warar Fulani da ake jefawa a miya. Gidan da ke da mai hawan jini ko mai neman rage ƙiba dole a lura da shi. Sai dai yawancin dabarun da ake bi ɓata abincin suke yi, gishirin kuma yana nan.

Babban kuskure shi ne uwargida ta zuba wa cukun ido ta manta da sauran tukunyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a rana ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Giram 100 na cukun da ake kira cheddar kaɗai yana ɗauke da kusan giram 2 na gishiri, wani nau'in mai suna halloumi kuwa ya fi haka. To, idan an sa gishiri a ruwan taliya, an marmasa dunƙule biyu a miya, sannan aka barbaɗa cuku, ai lissafi ya riga ya ƙwace. Ki ɗauki cukun a matsayin gishirin girkin. Ki dafa sauran kayan lami, ki ƙara tafarnuwa, masoro da albasa, ki zuba cukun, sannan ki ɗanɗana.

Sai batun jiƙawa, inda aka fi yin ɓarna. Jiƙo yana aiki ne a kan cukun da aka adana cikin ruwan gishiri, irin feta, halloumi da farin cukun Sudan da ake kira jibna. Ki yayyanka, ki tsoma a ruwan sanyi ko madara na rabin awa zuwa awa ɗaya, ki sauya ruwan idan har yanzu da zartsi. Cheddar kuwa ba ya sakin gishirinsa haka, samansa kawai zai yi yauƙi. Kuma kada ki jiƙa fiye da abin da za ki dafa a ranar. Gishirin nan shi ke hana shi lalacewa. Kika cire shi kika mayar firji, ga wuta ba tabbas, nan da nan zai yi tsami. Ruwa kuma ba ya fitar da maiƙo ko kaɗan.

Wasu kan sayi cukun da aka rubuta an rage masa maiƙo, su gasa shi da wuta mai ƙarfi kamar yadda suka saba, sai ya fito da tauri kamar roba. Maiƙon ne ke taimaka wa cuku ya narke ya yi laushi. Irin wannan yana son a goge shi ƙanana, a zuba shi a ƙarshen girki, wuta kaɗan. Kuma rage maiƙo ba rage gishiri ba ne. Ki duba bayan leda: idan sodiyam aka rubuta, ki ninka adadin sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Falle-fallen cukun nan na cikin leda da ake sa wa a burodi sukan fi yawan sodiyam, domin ana ƙara musu wasu gishirai na musamman don su narke sumul.

A ganina, abin da ya fi duka shi ne a rage yawa. Cokali ɗaya na parmesan, wani cuku mai ƙarfin ɗanɗano, da aka goge yana ba da ɗanɗanon da tulin cuku maras ƙarfi ba zai bayar ba. Idan kuma ja da danƙo ake so a fiza, mozzarella, farin cukun nan mai laushi, ta fi cheddar sauƙi: maiƙonta wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyinta, na cheddar kuwa kashi ɗaya cikin uku.

Warar da ake daskarar da madararta da ruwan tumfafiya ba ta zuwa da gishiri mai yawa. Mu ne ke ƙara mata, mu tafasa ta a ruwan gishiri sannan mu tsunduma ta a mai. Tunda ba ta narkewa, ki gasa ta a kasko da ɗigon mai, ko ki jefa ta cikin miya kai tsaye ta sha romo.

Gishirin potasiyam da ake sayarwa a madadin na gida kuwa, mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin hawan jini kada ya fara amfani da shi sai ya tambayi likitansa.