Yadda za ku yi gayyar kwashe shara a layinku, sharar ba ta dawo ba

Kafin ka ari shebur ko ɗaya, kafin ma ka yi wa samarin majalisarku maganar, fara sanin inda za a kai sharar in an tara ta. Wallahi a nan yawancin gayya take mutuwa. Za ka ga matasa sun fito da sassafe da ƙarfinsu sun yashe kwata tas, sun jibge baƙin taɓon nan a bakinta, an ɗau hotuna an watsa a Facebook, kowa ya koma gida ya yi wanka, bayan kwana uku ruwa ya sauko ya mayar da komai inda aka ciro shi, wanda ya rage kuma awaki da tayar A Daidaita Sahu su baje shi a titi. Mu ma haka ta faru da mu karon farko, wani mai tifa ya ce zai zo, shiru kake ji, sati guda muna tsallake tulin da muka tara da hannunmu, har wani dattijo ya ce mana yara ai da kun bar ta a ciki ya fi mana.

To ka nemi mota tun ana saura sati biyu. In a Kano kake akwai hukumar kwashe shara ta REMASAB, a wasu garuruwan kuma ka bi ta sashen lafiya na ƙaramar hukuma wajen duba-gari, ko ta hannun kansila. Ko an amsa maka, ka yi magana da masu kura biyu ko uku ku yi ciniki tun kafin ranar, su dinga jida zuwa jujin da aka ware.

Lokaci mafi kyau shi ne kafin damina, wajen Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin abin da ke cikin kwata bai jiƙe sosai ba, bai yi nauyi ba. Akwai ranar tsaftace duniya da ake yi 20 ga Satumba, ba laifi a fito, amma mu nan zuwa lokacin ruwa ya riga ya yi ɓarnarsa. A Kano dama Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, daga bakwai zuwa goma na safe, ababen hawa sun tsaya, mutane suna gida, sai ku ɗora gayyarku a kai. Ku fara da wuri, rana tana take ƙarfin kowa ya ƙare.

Kar ka tsallake mai unguwa, ko da kana ganin ba sai da shi ba. Ka je ka durƙusa ka gaida shi, ka ce ranka ya daɗe ga abin da 'ya'yanka suke so su yi, muna neman albarka. In ya fito ya tsaya ko da minti goma ne, mai shagon da ya saba zuba kwali a kwata ba zai iya yi muku gardama ba. Liman kuma ya yi sanarwa bayan sallar Magariba, hadisin nan cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne kowa ya san shi, tuni kawai ake buƙata.

Kayan aiki ba sai an saya ba. Magina suna da shebur da baro, masu lambu suna da manjagara, buhunan shinkafa da na taki kuwa kowane gida akwai. Abin da za ku yi karo-karo a kansa shi ne safar hannu mai kauri, takunkumi, rambut ga masu shiga kwata, da kuɗin masu kura. Duk sisin da ya shigo a rubuta a gurup ɗin WhatsApp kowa ya gani, don maganar kuɗi ta fi wari saurin watsa gayya.

A nan ba wasa: cikin kwata akwai fasasshiyar kwalba, reza, ƙusa mai tsatsa, har sirinji. Ba a sa hannu tsirara, ba a shiga da silifa. Ku ajiye jarka mai murfi guda don allura da reza kawai. Wanda ya yanke a wanke wurin da ruwa da sabulu a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanus, kar a ce ai ɗan ƙarami ne. Yara su tsinci leda a kan titi, ban da kwata. Kwalbati mai zurfi da ke rufe kuma kar wanda ya kutsa ciki don nuna jarumta, iskar da ke taruwa a irin wurin tana sumar da ƙato, a jawo da dogon ƙarfe daga waje.

In kuna tarawa ku ware tun a wurin. Robar lemo, gwangwani da ƙarfe buhu daban, 'yan jari bola za su auna su biya, kuɗin ya shiga asusun gayya. Mai ruɓewa daban, dama tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano da jakuna suke jidar sharar birni su kai gona a matsayin taki, leda ce ta zo ta ɓata harkar. Kuma don Allah kar a cinna wa leda wuta a tsakiyar unguwa, hayaƙin guba ne, masu asma da jarirai su suke kwana a ciki. Af, fiya wata ɗin da za ku raba wa masu aiki, a sa mutum ɗaya ya bi da buhu, na taɓa ganin an gama gayya ledojin ruwan da 'yan gayyar suka sha su ne sharar farko da ta sauka a wurin.

Sai halin mutane, wanda shi ne ya fi shebur nauyi. Mu fa ba ƙazamai ba ne, shiga gidan Bahaushiya ka ga tsakar gida kamar ka ci tuwo a ƙasa, amma daga bakin zaure zuwa waje sai a ce ai na gwamnati ne. Mutum ya yi alwala tsaf ya hau mota, ya sha ruwa ya cillo ledar ta taga ko a jikinsa. Ana fara yayyafi a ce wa yaro yi maza ka juye a kwata ruwa ya tafi da ita, ya tafi da ita ina? Gidan na ƙasa, su ne za su kwana suna kwalfar ruwa, sauro kuma na kowa ne. Ni ina ganin tun zamanin WAI, shirin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, da aka fara a 1984 muka ɗauki sharar titi abin da ake yi don tsoron bulalar soja, da tsoron ya tafi sai sharar ta dawo. A Ruwanda ma Asabar ɗin ƙarshen wata suke fitowa, umuganda suke ce masa, amma su sun haɗa da hana leda tun 2008.

Za ku sha magana. Wani zai ce nawa aka biya ku, wani ya ce kansila za ka fito ne, wani ma kana sharewa ya yar da ɓawon rake a gabanka. Kar ka yi wa'azi kar ka yi faɗa, in babba ne ka ce Baba ga buhu nan, in sa'anka ne ka miƙa masa tsintsiya cikin raha. Kuma ku tuna yawancin sharar yara ake aikowa da ita, shi yaro inda ya fi kusa zai juye, don haka a samu iyaye mata biyu masu faɗa a ji su zaga gida-gida, ko a faɗa a Islamiyyar matan aure.

Hana mutum zubarwa ba ka nuna masa inda zai zuba ba, ɓata baki ne. Ku yanka durom biyu, rabi a wajen mai shayi, rabi a bakin shago, sauran a ƙofar masallaci da bakin layi, a huda ƙasansu kar su tara ruwa, a ɗaure da sarƙa don kun san hali. Kowane gida ya dinga ba da wani abu duk sati a biya mai kura ya kwashe.

Kafin a watse ranar, ku tsayar da ranar gayya ta biyu a gaban mai unguwa. Mu karon farko mun haura talatin, karo na biyu mu bakwai ne, amma awa ɗaya ta ishe mu don kwatar ba ta sake cika ba.